Takobin hannu biyu irin na Turai: wanne zan saya, kuma me ake dubawa kafin a biya?

Ɗan Jidda:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san takubban Turai na da. So nake in sayi takobin hannu biyu, ba tsoho na gidan tarihi ba, irin wanda ake ƙerawa yanzu bisa fasalin na da. Uku ne suka tsaya mini a rai. Akwai ƙaton nan na Jamusawa, Zweihänder, mai ƙugiyoyi biyu a gindin ruwansa. Akwai claymore na mutanen Sikotland, wanda makarin hannunsa ya sunkuyo wajen ruwa. Sai kuma dogon takobi na yau da kullum mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai. Ido dai na farkon yake so.

Abin da zan yi da shi: koyon sara da motsin ƙafa ni kaɗai, da yanka robar ruwa jefi-jefi, sauran lokaci yana rataye a bango. A shagga nake zaune, wato gidan haya na cikin bene, hawa na uku, amma akwai rufin bene, kuma mukan kama istiraha, wato gidan shaƙatawa mai fili, ƙarshen mako. Abin da na ware riyal 2,000 ne, har da kuɗin aikowa.

Tambayoyina: wane ƙarfe ne abin nema? Masu sayarwa suna rubuta 1060, 5160, 440, ban san bambancinsu ba. Yaya ake gane wanda zai karye a hannu? Sannan a fasalin na da, wanne ne ya fi dacewa da wanda bai taɓa riƙe irinsa ba? Na gode.

Mai Magagari:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Jidda, fara da awon ɗaki kafin awon takobi. Abubuwan da ka lissafa ba ajinsu ɗaya ba, ko da yake duka da hannu biyu ake riƙe su.

Dogon takobi tsawonsa gaba ɗaya santimita 110 zuwa 130, nauyi kilo 1.2 zuwa 1.8. Claymore wajen santimita 140, kilo 2.5. Zweihänder na yaƙi kuwa daga santimita 150 zuwa 180, kilo 2.5 zuwa 3.5, waɗanda ka ji ana cewa kilo shida ko bakwai na fareti ne, ɗauka ake yi a kafaɗa a gaban sarki, ba a sara da su. Yanzu ka miƙe tsaye ka ɗaga hannu sama: mutum matsakaici yatsunsa na kai santimita 210 zuwa 220. Ɗora ruwan takobi na mita ɗaya a kai, ka riga ka wuce silin yawancin gidajen haya. Ƙaramin cikinsu ma a rufin bene zai yi aiki. Babban kuwa da'ira yake zanawa, ba a tsayar da shi a tsakiyar sara, sai a bar nauyinsa ya zagayo, saboda haka yana son fili na aƙalla mita uku ta kowace fuska. Da wannan kuɗin naka kuma, Zweihänder ɗin da za ka samu sandar ƙarfe ce mai siffar takobi. Dogon takobi mai kyau dai ana samu. Shi nake ba ka shawara.

Maganar ƙarfe. Lambobi biyu na ƙarshe adadin kabon ne: 1060 na nufin kabon kashi 0.60 cikin ɗari, 1075 kashi 0.75, 1095 kashi 0.95. Yawan kabon na ƙara tauri da riƙe kaifi, amma yana rage haƙuri da duka. 5160 shi ne ƙarfen sifirin ɗin mota, an sa masa kuromiyom kaɗan, ƙasa da kashi ɗaya; 9260 yana da silikon wajen kashi biyu, yana lanƙwasa sosai ya dawo; 6150 kuma akwai kuromiyom da banadiyom, shi kamfanin Albion na Amurka ke amfani da shi. Duk waɗannan sun yi. Wanda za ka guje wa shi ne 440 da danginsa marasa tsatsa. A wuƙar kicin ba laifi, amma in ruwa ya wuce tsawon kamu biyu, yawan kuromiyom ɗin nan yana sa shi gautsi, ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi, guntun kuma ba ya tambayar inda zai sauka.

Amma sunan ƙarfe rabin magana ne, sauran rabin ban-ruwa ne. 1060 da aka ba ruwa daidai ya fi 5160 da aka ɓata. Ka tambayi mai sayarwa taurinsa a ma'aunin Rockwell. 50 zuwa 55 ake nema. In ya gaza 48 zai lanƙwashe ya zauna a haka, bakinsa kuma ya riƙa naɗewa; in ya haura 58 a ruwa mai wannan tsawo, bakin zai riƙa gutsurewa. Wanda ya kasa ba ka lamba, ka wuce gaba.

Inda takobi ke cutar mai shi ba a ruwa ba ne, a cikin ƙota ne, inda ido ba ya gani. Ruwan yana da wutsiya da ke ratsa makari da ƙota har ta fito ta dunƙulen da ke gindi. A na kirki wutsiyar da ruwan ƙarfe guda ne, faɗinta a kafaɗa santimita biyu ko fiye, tana sirancewa a hankali, kuma kusurwar kafaɗar a zagaye take, don kusurwa mai kaifi nan tsagewa ke farawa. A na ado kuwa, wutsiyar ba ta fi tsawon yatsa ba, sai a yi mata waldar wani siririn rodi mai zare kamar fensir. Sara ɗaya, ko a iska ne, waldar ta saki, ruwan ya tashi ya bar ka da ƙota. Ka nemi hoton takobin a kwance kafin a haɗa shi. Wajen ɗaure gindi kuma hanya uku ce: a doke bakin wutsiyar da guduma ya baje a kan dunƙule, yadda maƙeran da suke yi, wannan ya fi, ko a sa noti da ke nutsewa cikin dunƙulen, shi ma ya yi, har ma yana ba ka damar ƙara ɗaurewa, ko kuma dunƙulen kansa ne ake murɗawa kamar murfin kwalba. Na ukun nan matsala ne, don hannunka na hagu a kansa yake, kullum kana kwance shi ba ka sani ba.

Abu na ƙarshe, wanda hoto ba ya nunawa: kaurin ruwa. Ba faɗi ba, kauri. Dole ya riƙa raguwa daga gindi zuwa tsini, misali milimita 6 ko 7 a gindi, 4 zuwa 5 a tsakiya, 2 zuwa 3 kusa da tsini. Masu araha sukan yanko ruwan daga farantin ƙarfe mai kauri ɗaya, su wasa gefe kawai. Irinsa ko nauyinsa a sikeli daidai ne, a hannu kamar taɓarya yake. Ka ce a ba ka kaurin a wuri uku, da kuma inda yake daidaita in an ɗora shi a kan yatsa. A dogon takobi santimita 8 zuwa 13 ne daga makari. In aka ce maka 20, wuyan hannunka ne zai biya.

Abu Sulke:

Abin da Malam Mai Magagari ya faɗa a kan ƙira babu ƙari. Inda zan ɗan saɓa masa shi ne, "dogon takobi" ba abu ɗaya ba ne, kuma a nan zaɓin gaskiya yake.

Wani Bature ɗan Ingila, Ewart Oakeshott, ya kasa takubban Turai na tsakiyar zamani gida goma sha uku, daga X zuwa XXII, wasu da ƙananan rassa masu harafi kamar a da b, kuma da lambobinsa masu ƙera na kwaikwayo ke talla har yau. Abin da ya riƙa sauya fasalin ruwa shi ne abin da abokin gaba ke sanye da shi. Lokacin da sulken zobe ne a jikin mayaƙa, wajen 1250 zuwa 1350, sai aka yi XIIa da XIIIa: ruwa mai faɗi, marar kauri, da kwarmi a tsakiya. XIIIa bakinsa biyu kusan a jere suke tafiya har ƙarshe, tsininsa a zagaye kamar cokali. Wannan na sara ne zalla. Kwarmin nan, af, ba hanyar jini ba ce kamar yadda ake yaɗawa. Rage nauyi yake yi ba tare da ruwan ya yi laushi ba. Da aka koma sulken faranti, sara ya daina tasiri, sai aka fito da XVa: ba kwarmi, doro ne a tsakiya, ruwan na tsukewa tun daga gindi har ya zama kamar tsinke, don a soka ta hammata ko ta tsagar kwalkwali. XVII kuma kusurwa shida ne da shi, mai kauri; an samu irinsa a kaburburan mayaƙan da aka kashe a yaƙin Sempach, a ƙasar Suwizalan ta yanzu, na 1386. Wasunsu nauyi ne da su ainun. Sai XVIIIb na wajen 1450 zuwa 1520, mai doguwar ƙota da ta tsuke a ƙugu, ruwa na sara yana kuma suka.

Ga wanda zai yanka roba, XVa zai ba shi haushi. Kusa da tsini ruwan ya tsuke kuma ya yi kauri, in bakin bai sauka daidai da layin sara ba, ture robar kawai zai yi. XIIIa kuwa yana yafe kuskure, sai dai hakan ma illa ce, don yana ɓoye wa ɗalibi laifin hannunsa, kuma ba ya suka. Ni XVIIIb nake zaɓa wa mai farawa. Doguwar ƙotarsa, santimita 25 ko fiye, tana raba hannayen biyu, na dama ya zama madogara, na hagu ya ja, takobin ya juya da sauri ba da ƙarfin dantse ba. Littattafan koyarwar da suka rage ma, na Fiore dei Liberi na wajen 1410 da na Joachim Meyer na 1570, a kan dogon takobi aka fi bayani. Na babban takobin da Fotugal da Sifaniya ke kira montante akwai, kamar ƙa'idojin Figueiredo na 1651, kuma yawancinsu motsa jiki ne na mutum ɗaya, abin da ya yi daidai da kai in da kana da fili. Abin lura, montante ya fi Zweihänder sauƙi, kilo biyu zuwa biyu da rabi. In zuciya ta ƙi haƙura da babba, shi za ka tara wa kuɗi nan gaba.

Akwai kuma wani iri da ya kamata mu da ke wannan yanki mu sani. Bayan Sarkin Kubrus Bitrus na Ɗaya ya afka wa Iskandariyya ta Masar a 1365, takubban Turai da dama sun shiga taskar makamai ta Mamluk, masu mulkin Masar a lokacin, a wannan birni, aka zana musu rubutun Larabci a gindin ruwa mai nuna an yi waƙafinsu ga taskar. Da Turkawan Usmaniyya suka ci Masar a 1517 sai suka kwashe su zuwa Istanbul, inda da yawa ke gidan tarihin soja har yanzu. Ɗaya yana gidan tarihin Metropolitan a Amurka, ɗauke da sunan Sultan al-Mu'ayyad Shaykh da shekarar 822 ta Hijira, wato 1419. Oakeshott ya sa irinsa a XVIIIc: ruwa mai faɗin gaske a gindi, marar kauri, yana yanka kamar reza. Ana kwaikwayonsa. In ka samu mai rubutu, ka ce a turo hoton rubutun da kusa ka karanta da kanka, don wanda bai iya Larabci ba zane yake kwafa, haruffa su fito a tsinke ko a juye. In kuma da sunan Allah a ciki, ka san ba za a jingine shi ko'ina ba. Marar rubutu ya fi kwanciyar hankali.

Kada kuma ka ɗauki hannun takobinmu ka kai can. Takobin Hausa da na Buzaye, da saif ɗin Sudan da Turawa ke kira kaskara, miƙaƙƙu ne masu baki biyu, da yawa ma ruwansu daga Solingen ta Jamus aka kawo, shi ya sa suke kama da na Turai a ido. Amma na hannu ɗaya ne, ƙotarsu gajera, nauyinsu a gaba, an yi su ne a haɗa da garkuwa ko linzami. Riƙon ba ɗaya ba ne, tsayuwar ma haka.

Ɗan Jidda:

Allah ya saka da alheri, Malamai. Na haƙura da ƙaton. Tsakanin XVIIIb da na Iskandariyya nake yanzu. Saura biyu: mai kaifi zan saya ko dakusasshe? Sannan yaya ake yi da tsatsa? Kun san Jidda, ko makulli ka ajiye a taga sai ya yi ja.

Mai Magagari:

In takobi ɗaya kuɗin zai saya, dakusasshe. Wata shida na farko motsi za ka koya, kuma mai koyo shi kaɗai ƙafarsa ta gaba da gwiwarsa yake fara samu. Kauri a baki milimita biyu, tsini a zagaye. Kada ka ce za ka wasa shi daga baya: an ƙera shi ne da nama a baki, in ka wasa za ka samu bakin gatari, in kuma da injin gurza ka yi, zafi zai kashe ban-ruwan, da ka ga ƙarfen ya yi shuɗi, wurin ya mutu. Ranar da ka samu abokin gwaji, ba wannan za ku yi amfani da shi ba, sai feder, wanda ruwansa ke lanƙwasa in an soka, tsininsa a naɗe, tare da abin rufe fuska mai lambar 1600N da safar hannu mai tauri. Yankan roba ya jira takobi na biyu. A lokacin ne na Iskandariyya zai yi daɗi.

Baƙon Rusaifa:

Bari in ɗauki maganar shigowa da ajiya.

Kafin ka biya ko halala, ka tuntuɓi Hukumar Zakka, Haraji da Kwastan ta Saudiyya, ka ba su hoto, tsawo, da bayanin cewa dakusasshe ne, ka samu amsarsu a rubuce. Ka tambayi kamfanin aikowa shi ma, don wasu ba sa ɗaukar takobi ko da jamarik, wato kwastan, sun yarda, kuma dogon kwali yana da ƙarin kuɗi. A lissafinka ka sa harajin kashi 15, wanda ake ɗorawa a kan kuɗin kaya haɗe da na aikowa. Riyal 2,000 a canjin 3.75 dala 533 ne. Cire haraji da aikowa, abin da zai rage wa takobin kansa bai fi dala 350 ba. A wannan farashi kayan masana'antun Indiya da Sin ne, irin su Windlass da Hanwei, ko dakusassun da ake yi a gabashin Turai. Na Albion ya ninka haka sau da yawa. Sannan ba abin yawo da shi a mota ba ne, balle ka shigo da shi Makka. Hadisin Jabir a Sahih Muslim ya hana ɗaukar makami a cikinta. Wajen miƙa wa wani ma, an hana miƙa takobi a zare.

Ranar da ya iso, kafin ka goge man da aka shafa masa, ka yi waɗannan, don in ka taɓa shi da samfefa ba mai karɓa. Ɗora shi a sikelin kicin ka gwada da abin da aka rubuta. Giram ɗari sama ko ƙasa ba komai, rabin kilo magana ce. Kai dunƙulen kusa da idonka ka leƙa tsawon bakin kamar mai duba katako, ka ga ko ya karkace ko ya murɗe. Kafa tsinin a kan katako ka danna a hankali har tsakiyar ta kauce kamar faɗin tafin hannu, ka saki. Dole ya dawo sak. Sai ka riƙe shi tsaye ka bugi dunƙulen da tafin hannu. Ruwan zai yi rawa, amma za ka ga wani wuri wajen kashi ɗaya bisa uku daga tsini da bai motsa ba, da nan ake sara. Wuri na biyu marar rawa ya kamata ya faɗo a ƙota, ƙarƙashin hannun dama. In ka ji ƙarar kacau-kacau, makari ne ke da wasa.

Tsatsa kuma. A Jidda gishirin teku da raɓa ne, amma babban mai laifi mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki. Takobi ya kwana a ɗaki mai sanyi, ka fito da shi rufin bene da daddare, nan take ya yi gumi kamar kwalbar da aka ciro daga firji. Ka bar shi minti goma sha biyar a wurin da ba sanyi kafin ka fita, in ka dawo kuma ka goge shi tas da busasshen ƙyalle, sannan ka shafa mai. Man keken ɗinki ya isa, ɗigo huɗu ko biyar a ƙyallen auduga, shafa ɗaya kowane gefe har makari da dunƙule. In yana naso ya yi yawa, ƙura zai tara. Kada ka sa man girki ko na zaitun, yana daskarewa ya yi danƙo. WD-40 na kore ruwa ne, ba ya daɗewa. Wanda zai rataya ya daɗe, kakin Renaissance Wax ya fi mai. A gabar teku duk mako biyu ka duba. Shatin yatsa kan fito ja cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka baƙo in ya shafa ruwan, ka goge bayan ya tafi.

Kada ka bar shi a kube na fata. Fata na shan raɓa ta riƙe, sinadarin jima kuma yana cin ƙarfe. Kuben da ke da katako a ciki ya fi, amma shi ma na ɗauka ne, ba na ajiya ba. Ka rataye shi tsirara a kan ƙugiyoyin katako, ba a bangon da iskar mukayyif ke bugawa ba, kuma inda hannun yaro ba ya kai. In ja ya riga ya fito, soson Scotch-Brite mai ruwan toka da ɗan mai, ka bi tsawon ruwan, ba a gicciye ba.

Mu nan Makka, da Madina da Riyad, matsalar akasin haka ce. Bushewa na sa katakon ƙota ya motse, makari ya fara kaɗawa. Mai noti sai a ƙara masa rubu'in juyi, kada a wuce, zaren na iya cinyewa. Wanda aka doke wa gindi kuma, zaren da aka shafa wa kaki ake tura wa a tsagar da ke tsakanin makari da ƙota, ko siririn falle na tagulla. Zafin mota da rana ba ya taɓa ban-ruwan ƙarfe, amma yana sassauta gam, fatar ƙota ta fara ɓarewa daga ɗinki.

In za ka hau rufin bene kuma, ka cire taub, wato jallabiya, ka sa wando da rufaffen takalmi. Makarin dogon takobi faɗinsa ya kai santimita 20 zuwa 25, kuma aljihun gefe da hannun riga yake fara kamawa.